Fatari Mai Aljihu Biyar

Ranar da na kawo tsohon fatarin nan mashgal ɗinmu, shagon ɗinkin mata da ke unguwar Sultana a Madina, ku ne kuka dame ni da tambayar wace sana'a nake yi kafin in zo nan ina liƙa duwatsu a rigunan amare. Na shimfiɗa shi a kan tebur, ɗayarku ta ɗaga shi da yatsu biyu kamar ta tsinci tsumma. Ta ce da Larabci, don Hausarku a kunne ta tsaya ba ta sauko baki ba, wai ai layuka ne kawai, a kan keke kafin shayi ya huce ta gama. Wata kuma ta lura sassansa ba su yi daidai ba, wani faffaɗa wani siriri, ta ce hala mai ɗinkin ba ta da abin awo. Ban tanka muku ba saboda ina da allura a baki. Yanzu na cire ta.

Fatari dai kun san shi, ɗan zanen ciki ne da mace ke ɗaurawa a ƙarƙashin tufafinta. Wannan kuwa na sanyi ne. Ƙyalle biyu ake haɗawa da shiɓaɓɓiyar auduga a tsakani, a bi shi da ɗinki layi-layi don kada audugar ta gangara ƙasa ta dunƙule. Tsofaffin matan Madina sun daɗe suna sa shi, musamman Buharawa da Turkawa na lungunan da ke kewaye da Harami kafin a rushe su. Gidajen na baƙin dutse ne, idan hunturu ya shigo sanyi ta ƙasa yake tasowa ya kama gwiwa. Matanmu Hausawa kuwa sun fi kowa bukatarsa, domin su ne ke zama a kan daɓe tun da sassafe suna sayar da gyaɗa da alkamar tantabaru. Gwaggo Asabe, ƙanwar mahaifina, ta yi aiki a gidan wasu Buharawa tun tana budurwa, a can ta ɗauko hannun, ni kuma a wurinta na koya a gidanmu na unguwar Harra ta Yamma.

Aikina na farko ba da allura na yi shi ba. Gwaggo ta miƙo min bakan shiɓa da buhun tsohuwar auduga, ta nuna min kusurwar tsakar gida. Haka na yi ta kaɗa tsarkiya, audugar tana tashi tana shiga hanci da gashin ido, har maƙwabta suka fara kirana tsohuwa saboda furfurar da ke kaina. Idan na ce na gama, sai ta shimfiɗa shiɓar a tsakanin ƙyallayen, ta ɗaga su tana fuskantar rana. Duk inda haske ya ratso, nan sanyi zai ratso. Ba ta faɗa, ba ta zagi, sai dai ta kakkaɓe komai a ƙasa ta koma kan tabarmarta. Wallahi na fi son a mare ni.

Da ta yarda na riƙe allura, kayan aikin ba su cika kwano ba: doguwar allura, kushtuban da ake sa wa yatsa, kakin zuma na goge zare, da guntun sabulun da ya siranta, wanda ake ja layi da shi don wanki ɗaya ya tafi. Ana fara ɗinki daga tsakiya a yi waje. Wadda ta fara daga gefe za ta kori audugar gabanta, ta tarar da tudu a ƙarshe. Ba a jan zare da ƙarfi, in kin ja fatarin ya sandare, mai shi ta riƙa tafiya kamar an kifa mata kwando. Ba a kuma sake shi. Wannan tsakanin da ke tsakanin ja da saki shi ne sana'ar, kuma keke bai san shi ba.

Masu kawo aiki iri-iri ne. Akwai tsohuwar da za ta zo da jikarta tana yi mata tafinta, ta ce a ƙara auduga a gwiwar hagu kaɗai. Akwai mai son a sa atamfa daga ciki inda ba mai gani sai ita. Akwai masu talla, waɗanda nasu kan mutu ta baya saboda zama, a riƙa yi masa faci har asalin ƙyallen ya ɓace. Yawancinsu idan zafi ya fara karyewa suke kawo nasu, a farke, a sake shiɓe audugar, a mayar. Na zaci na ga kowane irin fatari da ke garin nan kafin Gwaggo ta rasu. Ashe akwai guda ɗaya da duk ranar da za a kawo shi sai ta aike ni kasuwa.

Bayan rasuwarta ne Iya Kulu ta yi sallama a ƙofarmu. Tsohuwa ce 'yar ƙasar Adar ta Nijar, doguwa, siririya, mai sayar da alkamar tantabaru a jikin katangar maƙabartar Baƙiyya. Kowa ya san ta da abu biyu: ba ta da iƙama, wato takardar izinin zama a ƙasar, kuma ko a tsakiyar zafin Madina, lokacin da kwalta ke narka takalmi, da fatarin sanyi take yawo a ƙarƙashin abayarta. Mata suna cewa tsufa ne ya taɓa ta, ni ma haka nake cewa. Ta yi min ta'aziyya, ta ce in ara mata zane, ta shiga ɗaki ta cire fatarin ta miƙo min. Da na karɓa sai hannuna ya yi ƙasa, domin auduga ba ta da irin wannan nauyin. Na ɗauka gumi da ƙura ne suka danƙare a ciki. Na jawo almakashi zan bi gefen ɗinki yadda na saba, sai na ji an damƙe min wuyan hannu. Ban san tsohuwa tana da irin wannan ƙarfin ba.

"Aje almakashin ga, ɗiyata," in ji ta. "Ba a taɓa shi da ƙarhe."

Ta juya kalmasar ƙasa, ta lalubo bakin wani jan zare, ta ce in ja. Na ja, zaren ya biyo ni tun daga farko har ƙarshe ba ƙulli ko ɗaya, ƙasan fatarin ya buɗe. Na sa hannu na zaro abin da ke ciki, farin alawayyo ne a ninke. Na sake zaro wani, na sake zaro wani. Sai da na warware ƙaramin, na ga yankan mayafin kai, na ga rigar da aka fasa wa wuya ba a ɗinke ta ba, sannan na gane abin da nake riƙe da shi. Na taɓa taya wankan gawa, na san yankan. Likkafani ne cikakke na mace, guda biyar. Na sake shi a kan tabarma na miƙe tsaye. Shekara da shekaru matar nan tana zaune a cikin likkafaninta tana auna wa mutane alkama, muna wucewa muna yi mata dariya.

Ita kuwa ko a jikinta. Ta tattara su a cinyarta tana shafawa.

"Turmi guda munka saya ni da mijina Malam a Makka, shekarar da munka yi hajji. Munka wanke shi da Zamzam, munka shanya, munka raba biyu. Nashi ya bi shi Baƙiyya. Wanga nawa na."

Na tambaye ta me ya hana ta ajiye shi a akwati kamar kowa. Ta ce ɗakin da take kwana su da yawa ne, kuma ta taɓa rasa akwati sukutum lokacin da aka rushe lungunsu tana wurin talla. Ta ce masu kamen marasa iƙama ba sa cewa je ki gida ki ɗauko kayanki, yadda suka same ki haka za ki tafi. Ajali ma haka yake. Mata ba sa shiga Baƙiyya da rai, kaburburan kuma ba suna a kansu, saboda haka ba ta san inda aka sa Malam ba. Abin da ta sani shi ne yana bayan katangar da take jingina da ita, kuma burinta ɗaya a duniya a shigar da ita can cikin sauran rabin ƙyallen.

A ranar na sake zama ɗaliba, matacciya tana koya min, domin sai da na bi ɗinkin Gwaggo layi-layi na karanta yadda ta yi. Layukan da kuke gani a fuska na yaudara ne. Sun kama ƙyallen sama da 'yar siririyar auduga kawai, allura ba ta taɓa ratsawa ciki ba, don kada likkafanin ya samu huji. A bayansu akwai aljihu biyar da suka zagaye jiki, kowanne daidai abin da zai ɗauka. Na manyan mayafai faffaɗa ne, na mayafin kai siriri, abin da kuka kira rashin awo ke nan. A saman kowane aljihu akwai ɗan tsirin ƙyalle a gicciye, a kansa ake rataya ninkin kamar shanya a igiya, in ba haka ba zai zame ya taru a idon sawu. Ƙasan kuma da zare guda ake rufe shi, ba ƙulli, don ranar da ake bukata masu wanka su ja sau ɗaya ba tare da sun nemi almakashi ba.

Daga nan duk shekara takan zo. Ta ɗaura zanena ta zauna a kusurwa tana jan carbi, idonta a kan hannuna, ba ta fita ko ƙofar gida har in gama. In canja ƙyallen ciki da gumi ya ci, mu kakkaɓe likkafanin, mu sake ninke shi ta wani wurin don kada karin ya tsage, in mayar in rufe. Ba ta cin abinci sai ta ji shi a ƙugunta. Takan ce min, duk ranar da na ji ta faɗi, in bar abin da nake yi in zo in ja zaren da hannuna.

Sai muguwar shekara ta zo, kuma ta zo ta kowace ƙofa. An gama share tsofaffin lunguna, tsofaffin da nake yi wa aiki suka watse cikin benaye masu na'urar ɗumama ɗaki. Shagunan gefen Harami suka cika da wandunan ulu na kanti masu arha, 'ya'yan masu talla suka riƙa saya wa iyayensu. Bakan shiɓata ya yi ta rataye har gizo ya yi saƙa a kansa. Bayan hajjin shekarar kuma kame ya yi zafi irin wanda ban taɓa gani ba, kullum sai a ce an tafi da wance. Rabin masu kawo min aiki haka suka ɓace, wasu ma fatarinsu yana hannuna.

A cikin wannan halin Iya Kulu ta zo kamar yadda ta saba. Na ja zare, muka zaro, sai ga shi zafin shekarar ya cinye ƙyallen ciki ta baya, gumi ya ratsa ya yi wa babban mayafin rawayan tabo kamar faɗin tafin hannu. Ban taɓa ganin fuskarta ta canja ba sai ranar. Na ce abu mai sauƙi ne, ga famfo ga sabulu. Ta kalle ni kamar na yi saɓo. Ta ce ƙyallen da Zamzam ya wanke ba zai sha ruwan famfo ba. Na ce to ta bari maigidana ya dawo da tasi da yamma, ya je famfunan gefen Harami inda ake ɗiban Zamzam ɗin da ake kawowa daga Makka, ya cika mana galan. Ta ce ba za ta iya zama tana kallon tabon nan har yamma ba. Na tuna mata motocin kame suna yawo, na tsaya a bakin ƙofa, na haɗa ta da Allah. Ta ce wa zai kula tsohuwa da galan. Ta zura abaya a kan zanena, ta ɗauki galan ɗina ta fita, karo na farko ke nan da ta taka titin Madina ba fatarin a jikinta tun rasuwar mijinta.

Azahar ta wuce, la'asar ta wuce. Wadda ta yi sallama ba ita ba ce, Hawwa ce, wata 'yar Chadi mai sayar da shayi a kusa da inda Iya take zama, matar da ba ta da kowa a garin nan. Galan ɗina ne a hannunta, cike, an ɗaure bakinsa da leda.

"Sun ɗauke ta, ya Saude," ta ce. "Gaban idona. Ta cika galan ɗin da moya, tana tsallaka titi, bas, sai ga motar kame. Ba su bar ta ta shiga da shi ba."

Na juya na kalli farin ƙyallen da ke shimfiɗe a tabarmata. Abin da aka ɗinka fatarin nan dominsa ya faru, kuma ya faru a yini ɗaya tak na shekara da fatarin yake hannuna a farke.

Maigidana ya yi iya ƙoƙarinsa. Ya bi inda ake tsare su, aka ce an wuce da su Jidda. Ya bi Jidda da ƙunshin likkafanin a mota, aka tambaye shi cikakken sunanta, mu kuwa Iya Kulu kawai muka sani. Ya dawo da ƙunshin. Na zuba ruwan galan ɗin a sabuwar roba na wanke tabon a hankali har ya fita tas, na shanya a ɗaki, na sa sabon ƙyallen ciki, na mayar da kowanne aljihunsa na rufe da jan zare. Shi ne fatari na ƙarshe da na ɗinka, daga nan na nemi aiki a mashgal. Duk lokacin hajji kuwa sai in bi masaukan alhazan Nijar ina tambayar 'yan Adar ko sun san wata Kulu da aka mayar daga Madina. Sukan tambaye ni wane ƙauye, ni kuwa ban taɓa tambayarta ba.

An ɗauki shekaru a haka. Wata rana bayan an sauko daga hajji, wata hajiya mai matsakaicin shekaru ta iso gidanmu tana tambayar Saude mai fatari. Ta ce sunanta Zalika, ɗiyar ƙanen Iya Kulu ce, kuma Iya tana nan da rai, sai dai ido ya tafi. Ban bari ta sha ruwa ba, na ruga na ɗauko ƙunshin na ɗora mata a cinya, ina ta godiya ga Allah da zai sauke min wannan amanar. Sai ta ture shi a hankali ta mayar min.

"Ta ce kar a kai mata shi," in ji Zalika. "Ta ce turmi guda na, rabi yana Baƙiyya. In ita ba ta samu ba, shi ya samu. Ki duba baƙuwar da ta rasu nan ba ta da kowa, ki sa mata."

Matar da ta sha zafin Madina shekara da shekaru da wannan nauyin a ƙugu don kada a raba ta da shi, yau ga shi an kawo har cinyar mai kai mata, ta ce a bar shi. Na ce ita fa da me za a rufe ta? Zalika ta ce ta yi mata wannan tambayar, Iya ta ce kasuwar garinsu ba ta rasa farin ƙyalle ba. Sannan ta ce akwai tambaya guda da aka ce kada ta kuskura ta dawo ba amsarta, ko da yake ita ba ta gane ta ba: wai tabon ya fita? Na ce ki gaya mata ya fita tas, kuma da ruwan da ta ɗebo da hannunta aka wanke shi. Na sa ta maimaita har sai da na tabbata ta riƙe.

Hunturun da ya biyo baya Hawwa mai shayi ta rasu a ɗakinta, ba ɗa ba dangi. Maigidana ya bi takardun, ni kuma na bi gawar zuwa wurin wanka da fatarin a ƙarƙashin hammata. Ma'aikatan wurin suna da likkafaninsu da suke bayarwa, amma idan kun zo da naku suna karɓa. Masu wankan suka tsaya suna kallona, mace ta zo da zanen ciki wurin gawa. Na juya kalmasa na ja jan zaren, ya biyo ni har ƙarshe. Suka warware guda biyar ɗin, babu huji ko na allura ɗaya. Bayan an yi mata salla maza suka shiga da ita Baƙiyya, ni na tsaya a waje, a jikin katanga, daidai inda Iya take ajiye kwanon alkamarta.

Da hajji ya zagayo na koma masaukin 'yan Nijar da albishir a bakina, wannan karon na san sunan ƙauyen. Na samu wata maƙwabciyar su Iya Kulu, na fara zayyana mata saƙo, ta dakatar da ni. Ta ce Iya Kulu ta rasu tun bara, Zalika tana hanyar komawa gida. Ta ce a kwanakinta na ƙarshe duk wanda ya yi sallama sai ta tambaya ko Zalika ce, kuma ko tabon ya fita, har mutanen gidan suka ɗauka zafin ciwo ne.

Shi ya sa kuka ji shi ba nauyi da kuka ɗaga shi, aljihunan biyar duk babu komai a ciki. Zaren da na ja yana cikin siririn, na mayafin kai, a nannaɗe. Ku ninke min shi yadda kuka same shi, kuma kada wadda ta kawo almakashi kusa da shi.